Geel: Garin Da Ya Shekara 700 Yana Riƙon Manya

A shekarar 1938, hukumar da ke kula da baƙin garin Geel ta ƙidaya mutum 3,736 da ke zaune a gidajen jama'a, ba dangin iya ba na baba. Garin kuwa, har da ƙauyukan da ke kewaye da shi, bai wuce mutum 20,000 ba. Ke nan da mutum zai tsaya bakin kasuwa yana kallon masu giftawa, cikin kowane biyar ko shida akwai wanda likita ya riga ya sa hannu cewa ba zai iya riƙe kansa ba. Wasu taɓin hankali ne ya same su da girmansu. Wasu da yawa kuwa haka Allah ya halicce su, fahimtarsu na tafiyar hawainiya, sun kai shekara 30 ko 40 ba su iya ƙirga canji ba. A yawancin Turai ta wancan zamani, irin waɗannan bayin Allah bayan doguwar katanga ake kai su a garƙame. A Geel su ne ke tatsar shanu da asuba, su fere dankali, su raka yaran gida makaranta, ranar Lahadi kuma su sa wankakkun tufafi su bi iyalin gidan zuwa coci.

Geel na arewacin ƙasar Beljiyam ne, cikin lardin Antwerp, a yankin da ake kira Kempen, inda mutane ke magana da harshe ɗaya da na Holan. Yau garin na da mutum wajen 40,000, da masana'antu, da babbar hanyar mota. Amma sunansa a duniya ya fito ne saboda wata al'ada guda: karɓar baligi mai larurar ƙwaƙwalwa a zauna da shi a gida, a ci tare, a yi aiki tare, wani lokaci har mutuwa ta raba.

Asalin abin labari ne irin na waliyyai a wurin Kiristoci 'yan Katolika. An ce a ƙarni na 7 an yi wata 'yar sarki a Ayalan mai suna Dimpna. Da mahaifiyarta ta rasu, baƙin ciki ya juyar da kan uban, ya ce ba wadda zai aura sai 'yar tasa, don ita kaɗai ke kama da marigayiyar. Yarinya ta gudu tare da wani limamin coci mai suna Gerebernus, suka ƙetare teku suka ɓuya a dajin Geel. 'Yan aiken sarki suka gano su ta irin kuɗin ƙasarsu da suka biya da shi a wani masauki. Sarki ya zo, ya sa aka kashe limamin, shi kuma ya fille kan 'yarsa da hannunsa. Sai kusan shekara 600 bayan haka aka rubuta labarin: wani malamin coci, Petrus na Cambrai, shi ya rubuta shi tsakanin 1238 da 1247 bisa umarnin bishop ɗinsa. Masana tarihi ba su ɗauke shi da nauyi sosai ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne tun a wancan ƙarni jama'a suka yarda cewa wadda haukan ubanta ya yi ajalinta ita ce mai ceton masu ciwon ƙwaƙwalwa, suka riƙa ɗauko 'yan'uwansu daga nesa suna kawowa kabarinta.

An kafa asibitin garin a 1286, aka fara gina cocin Dimpna a 1349, wajen 1480 kuma aka jingina wa cocin wani ɗan ɗakin jinya. A nan mara lafiya ke kwana tara. Kullum a fito da shi ba takalmi ya zagaya cocin, ya rarrafa ta ƙarƙashin akwatin da ke ɗauke da ƙasusuwan waliyiyar, a rataya masa wani guntun jan bulo da aka ce an tsinta a kabarinta. Wajen biya, akan ɗora shi a ma'auni, danginsa su ba da hatsi daidai nauyinsa.

Ɗakin jinyar ƙarami ne, masu zuwa kuma ba su yankewa. Sai malaman cocin suka fara roƙon maƙwabta su sauki masu jiran layi. Daga nan aka samu waɗanda kwana taransu ya cika ba sauƙi, dangi suka ce a bar su su sake gwadawa, suka bar ɗan abin da za a ciyar da su, suka tafi. Wasu dangin sun dawo. Wasu har yau.

A nan labarin ya bar hannun waliyiya ya koma hannun manomi, kuma sai an dubi ƙasar Kempen kafin a gane dalili. Rairayi ce, maras ƙarfi, galibinta fili ne na gajerun ƙirare da fadamu masu tsami. Manomin da ke son ta ba shi hatsi da dankali dole ya haɗa mata taki da hannunsa. Yakan shiga filin nan ya sassabo fatar ƙasa haɗe da ciyawarta, ya loda a amalanke, ya kawo ya shimfiɗa ƙarƙashin shanu a wani garke mai zurfi da ke manne da ɗakin zama. Shanu su yi kashi da fitsari a kai, a ƙara wata shimfiɗar, a ƙara wata, har ta yi tudu, sannan a haƙe ta a kai gona. Shanun ba su cika fita kiwo ba, don kada takin ya zube a banza, saboda haka abincinsu ma kawo musu ake yi. Akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ke rataye bisa murhu a jikin wani gungume mai juyawa. A dafa musu ganye da ɓawon dankali da gari a ciki, a juya gungumen tukunyar ta leƙa garke. Ga ɗiban ruwa, ga faskare, ga kaɗa nono a fitar da mai, ga saƙa da ɗinki idan sanyi ya hana fita.

Gida irin wannan ba ya ƙin ƙarin hannu. Kuma aikinsa a gutsure yake, kashi-kashi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yana maimaita kansa kowace rana a lokaci guda. Saurayin da aka kawo daga Brussels ko Antwerp, wanda a gidansu an riga an yanke ƙauna cewa ba abin da zai iya, sai a fara miƙa masa bokiti. In ya saba da hanyar rijiya, a ba shi tsintsiyar garke. Bayan wata shida ya san wace saniya ce mai harbi, ya san yadda ake zama a gefenta a kafa goshi a cikinta kafin a kama hantsa. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce yau darasin tatsa za a yi. Ya koya ne kamar yadda ɗan maƙera ke farawa da zuga wuta kafin a bar shi ya taɓa masaba: yana gani, yana kwaikwayo, ya ɓata a yi masa tsawa, ya gyara a ƙara masa wani. Waɗanda aka sauka a cikin gari kuwa sukan faɗa gidan mai gyaran takalma, ko tela, ko kafinta, ko mai gasa burodi, su kama abin da hannunsu zai iya. Mata na taya girki da wanki da raino. Baƙi daga ƙasashen waje babu abin da ya fi ɗaure musu kai kamar su ga uwar gida ta miƙa wa baƙuwarta jariri ta tafi gona hankali kwance.

Abin da masana koyar da masu raunin fahimta suka zo suka rubuta a littattafai a ƙarni na 20, wato a rarraba aiki zuwa ƙananan matakai, a koyar da shi a wurin da za a yi shi, a riƙe tsari ɗaya kullum, matan Kempen sun daɗe suna yi ba tare da sun ba shi suna ba. Kuma akwai abu guda da suke da shi wanda ajin koyarwa ba ya iya samarwa. In baƙon bai kawo ruwan nan ba, to lallai ba ruwa a gidan. Ya san da haka, kowa ma ya sani.

Sai dai kada a ɗauka garin waliyyai ne. Talauci ne ya buɗe yawancin ƙofofin, kuma inda talaka ya samu wanda ya fi shi rauni, ba kullum ake wanyewa lafiya ba. Bayan sojojin juyin juya halin Faransa sun mamaye ƙasar, an rufe cocin a 1797, ikon malamanta a kan al'adar ya karye, aka shiga wani zamani da kusan babu mai sa ido. A 1803 gwamnan da Faransa ta naɗa a Brussels, Pontécoulant, ya kwashe masu taɓin hankalin da ke tsare a birnin ya aika da su Geel, don riƙonsu a can ya fi araha. Wasu garuruwan suka bi sahu, kowanne na neman gidan da zai karɓi mutum a kuɗi mafi ƙanƙanta. Da shahararren likitan ƙwaƙwalwa na Faransa, Esquirol, ya ziyarci garin a 1821, ya ga mutane na yawo a sake suna aiki, ya kuma ga masu mari a ƙafa da zoben ƙarfe kafe a bangon wasu gidaje. An yi masu kwana a kan tattaka kusa da shanu. An yi waɗanda aka mora kamar jakuna, ladansu bai wuce ɗan kuɗin taba ranar Lahadi ba.

Wannan tambaya, ko aikin nan horo ne ko bauta, ba ta taɓa barin Geel ba, kuma duk inda ake sa mai raunin fahimta aiki tana nan. Amsarta takan bambanta daga wannan gida zuwa na kusa da shi.

Gyaran ya zo a hankali. Hukumar garin ta yi nata dokoki a 1838. A 1850 Beljiyam ta kafa dokar kula da masu taɓin hankali, wadda ta so ta tilasta a riƙa tsare su a keɓaɓɓun gidaje. Da aka rasa yadda za a yi da Geel, sai aka ɗauki garin kacokan a matsayin asibiti guda maras katanga, gwamnati ta karɓi ragamarsa. Aka raba shi shiyya-shiyya, kowace da likitanta da masu zagayen duba gidaje. Aka ƙayyade cewa gida ba zai riƙe fiye da mutum 2 ba, kuma su zama jinsi ɗaya. Kowane baƙo da ɗakinsa mai taga da gado. Ba a ɗaure kowa sai da izinin likita. Kuɗin da ake biyan mai gida ya danganta da yawan ɗawainiya, wanda ba ya iya tsaftace kansa ya fi tsada. A 1862 aka buɗe asibitin kwanciya a ƙarƙashin likita Bulckens, inda ake fara ajiye sabon zuwa a karanci halinsa kafin a zaɓa masa gida, nan kuma ake mayar da shi in jikinsa ya tashi. Daga baya aka gina gidajen wanka a shiyyoyi, baƙi na zuwa a kai a kai, a yi wanka, a auna nauyinsu, a ga ko akwai tabon da ke bukatar bayani. Masu wuyar sha'ani akan kai su gidajen da ke can bakin daji, nesa da tsakiyar gari.

Zaɓen gidan nan shi ne gwanintar da ta fi kowace. Mai son dabbobi a kai shi gona, mai tsoron hayaniya a kai shi wurin tsohuwa mai zaman kaɗaici, mai yawan surutu a nemo masa gidan da ba a gajiya da hira. In ba a dace ba a sauya, ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba. Al'adar da ta daɗe kuma ita ce ba a gaya wa masu gida sunan cutar baƙonsu. Akan faɗa musu abin da ya kamata su kiyaye kawai, sauran su gano da kansu a zaman yau da gobe. Mutanen gari ma ba su kiran su marasa lafiya. Baƙi ne masu ci a gida.

Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 likitocin Turai suka rabu biyu a kan garin. Julien Parigot, wanda ya yi aiki a can, ya wallafa littafi a 1852 yana yabon magani da iska da zaman iyali. Ɗan Faransa Jules Duval ya biyo da nasa a 1860. Masu manyan gidajen mahaukata kuwa suka ce wannan sakaci ne aka yi wa kwalliya, ƙauyawa jahilai ba za su yi aikin likita ba. Sunan garin ya bazu har ya zama abin tsoratarwa a wasu gidaje: a 1880 mahaifin Vincent van Gogh ya yi niyyar kai ɗan nasa Geel, shekaru kafin duniya ta san shi da zane. Duk da gardamar, an yi ta kwaikwayo. Beljiyam ta buɗe irinsa a Lierneux a 1884 don masu jin Faransanci, jihar Massachusetts ta Amurka ta fara nata a 1885, Faransa ta yi a Dun-sur-Auron a 1892. Taron likitoci na ƙasa da ƙasa da aka yi a Antwerp a 1902 ya ba da shawarar a yi koyi da Geel duk inda hali ya yi. Ko a Nijeriya, tsarin da Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara a Aro kusa da Abekuta a 1954, inda marasa lafiya ke sauka a gidajen ƙauyawa tare da wani ɗan'uwansu suna zuwa asibiti da rana, da Geel masana suka fi kwatanta shi.

Shekarar da adadin baƙi ya kai ƙololuwa, 1938, tana da wani nauyi in aka waiwayi maƙwabta. Shekara ɗaya bayanta gwamnatin Hitila ta fara shirin hallaka naƙasassu da masu larurar ƙwaƙwalwa a Jamus, a kan hujjar cewa cima-zaune ne. Zuwa Agustan 1941 an kashe sama da 70,000 da iskar guba. Irin mutanen da ake lissafin abin da suke ci a can, su ne ke riƙe da rabin aikin garke a Kempen.

Abin da ya rage ƙarfin al'adar bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba ƙiyayya ba ce, ci gaba ne. Takin zamani ya riga ya kashe wahalar sassabo ciyawa. Tarakta da injin tatsa suka zo suka cinye ƙananan ayyukan nan da ake fara koya wa baƙo. Ƙananan gonaki suka narke cikin manya. Mashigin ruwa na Albert, wanda aka gama a 1939, da babbar hanyar da aka shimfiɗa daga baya, suka jawo masana'antu. Maigida ya koma ma'aikacin kamfani, uwar gida ita ma ta fita aiki, gida ya zama wurin da ake kullewa da safe a buɗe da yamma. Wa zai zauna da baƙo? Sannan ga magunguna: na farko mai kwantar da taɓin hankali ya fito a Faransa a 1952, a 1958 kuma kamfanin Paul Janssen ya haɗa haloperidol a Beerse, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Geel. Iyalai da yawa suka ga za su iya riƙe nasu a gida. Ga masu raunin fahimta kuwa, dokar Beljiyam ta 1963 ta share fagen buɗe keɓaɓɓun wuraren sana'a inda ake biyan su albashi, makarantu na musamman da gidajen kwanan rukuni suka yawaita. Uban da a da ba shi da zaɓi sai Geel, yanzu yana da uku ko huɗu a kusa da shi.

A daidai lokacin da abin ke ja da baya ne masu bincike suka zo da alƙalumansu. Jami'ar Columbia ta Amurka da Jami'ar Leuven sun yi wani dogon nazari a shekarun 1960 da 1970 ƙarƙashin Leo Srole. Ɗaya daga cikin masu aikin, masanin al'adu Eugeen Roosens, ya fitar da littafi a 1979, ya sake komawa ya rubuta wani a 2007 tare da Lieve Van De Walle. Abin da suka tarar ya fi labarin waliyiya ban mamaki. Zaman shekara 30 a gida ɗaya ba baƙon abu ba ne, akwai masu fiye da 50. Baƙo kan shiga gida yana saurayi, ya goya yaran gidan, ya ga aurensu, ya yi jinyar uwar gidan da ta karɓe shi in ta tsufa, bayan rasuwarta kuma ɗiyar da ya goya ta ɗauke shi zuwa nata gidan. Ana gadonsa, shi ma yana gadonsu. Sun kuma lura cewa masu gida ba su damu da su warkar da kowa ba. In mutum na da wata ɗabi'a da ba ta cutar da kowa, ko magana shi kaɗai ko tsinke maɓallan riga, sai a nemi dabarar zama da ita, a mai da hankali kan abin da yake iyawa. Wata Ba'amurkiya, Ellen Baxter, ta zauna a garin tana ɗaliba, ta koma New York ta kafa ƙungiyar Broadway Housing Communities a 1983, mai samar da gidaje ga waɗanda ba su da matsuguni, ciki har da masu larurar ƙwaƙwalwa.

Yau cibiyar gwamnati da ake kira OPZ Geel ce ke tafiyar da tsarin. Adadin baƙi ya sauko ƙasa da 300 tun a shekarun 2010, yana kuma ci gaba da raguwa, yawancinsu da masu riƙonsu duk sun manyanta. Ma'aikatan jinya na zagaya gidaje, akwai lambar da ake kira dare ko rana, akwai gado a asibiti in masu gida na son hutu ko tafiya. Alawus ɗin da ake biya a kowace rana bai kai ko kusa da abin da gadon asibiti ke ci ba, kuma masu gida sun daɗe suna ƙorafin bai isa ba. Aikin da gona ke bayarwa kyauta a da, yanzu sai an ƙirƙiro shi: da safe baƙo ya hau keke ko bas ya tafi cibiyar yini, inda ake aikin lambu, gyaran kekuna, ko haɗa ƙananan kaya da kamfanoni ke bayarwa, da yamma ya dawo gida ya taya shirya tebur da wanke-wanke. Ta fuskar haƙƙi wannan ya fi na da nesa ba kusa ba, don akwai awannin aiki, akwai mai sa ido, ba wanda zai mori wani a ɓoye. Ta wata fuskar an yi asara, domin aikin da aka shirya don a ba mutum abin yi daban yake da aikin da gida ke jira.

A watan Disamban 2023 hukumar UNESCO ta sa riƙon Geel cikin jerin kyawawan hanyoyin adana al'adun gargajiya. Garin na ci gaba da bikin Dimpna a watan Mayu, da babban jerin gwano duk shekara biyar, tsohon asibitin garin da aka kafa a 1286 kuma ya zama gidan tarihi. Cibiyar ta faɗaɗa tsarin ya haɗa da yara da matasa, tana karɓar masu riƙo marasa aure da mazauna gidajen bene, kuma neman sababbin iyalai ya kai ta har garuruwan da ke maƙwabtaka da Geel, inda take tallata abin da a da gidaje ke layi suna roƙon a ba su.